Injin da Dole Ya Mutu

A layin masu gyara, bayan tashar mota, akwai wata rumfar kwano da ba ta da allon suna, kuma ba ta taɓa buƙatarsa ba. Duk wanda janaretansa ya ƙi tashi, ko ya tashi yana tari, da ya shigo layin ya tambaya sai a nuna masa da baki a ce, "Je wurin Kunne." Mutumin gajere ne, mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa, baƙin mai kuwa ya zauna a zanen tafin hannunsa har sabulu ya haƙura. Ba girman kunne ya jawo masa sunan ba, nasa ma 'yan ƙanana ne. Yadda yake aiki ne ya jawo masa. In an kawo inji ba ya fara kwance shi. Sai ya ce a tayar, ya ɗauko doguwar sukudireba ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Mai inji yana ta zuba bayani, shi ko a jikinsa. Can sai ya ɗago ya ce, "Yunwa yake ji," ko ya ce, "An cika masa ciki," sannan ya miƙa hannu a ba shi sufana.

Wurin wani tsohon makanike mai zafin rai ya koyi sana'ar, tun kafin gemu ya fito masa. Tsohon nan doka ɗaya gare shi: kada inji ya mutu a hannunka. Da ka ji yana neman shaƙewa, kai yatsu kan ɗan sukurun mai, ka juya shi kaɗan, ɗan juyi kawai, har numfashinsa ya dawo. Wanda ya tsaya kallo inji ya mutu a gaban mai shi, sufana zai sha a bayan hannu. Kunne ya sha ta har ya gode Allah. Amma ba dukan ne ya dasa masa dokar ba. Wani babban injin niƙa ne, na wata mata da take ciyar da gidanta da shi. Yana tsaye a kansa ya ji yana sarewa, ya yi jinkiri, injin ya yi shiru. Sun ja igiya har kafaɗunsu suka yi tsami, sun kwance, sun ɗaura, bai ƙara tashi ba. Matar ta zauna a kan buhu ta rufe fuska da mayafi. Tun daga ranar, shirun inji yake tsoro fiye da kowace irin ƙara, yatsunsa kuma suka koyi kai wa sukuru kafin kansa ya gama tunani.

Da zamani ya juya mutane suka fara gudun fetur, shi ne na farko a layin da ya iya mayar da janareta mai cin gas ɗin girki. Yakan yi wa abokan sana'a bayani yana dariya: "Inji ma ɗan duniya ne. Kada ka yanke masa fetur gaba ɗaya, mutuwa zai yi. Matse shi a hankali, kana ba shi kaɗan kana daidaitawa, da kansa zai saba da sabon abinci." Maganar ta yi masa daɗin faɗa, ya yi ta maimaita ta shekara da shekaru.

Matarsa tela ce, kuma Tela kowa ke ce mata, har shi. Ita kuwa Injiniya take kiran sa, in tana jin tsokana ta ja sunan ya yi tsawo. Kekenta na ɗinki irin mai feda ne, yana ɗakin gaba daf da taga. Sau nawa ya ce zai ɗaura masa ɗan inji ta huta, sau nawa ta ce, "Kai dai ka tsaya wurin ƙarafunanka. Ƙafata ba ta kawo maka ƙara ba." A ransa ya ji daɗin ƙin da ta yi, don da ƙarar keken nan yake sanin halin da gidansa ke ciki. Tun daga bakin lungu, in yana dawowa da yamma, yake kasa kunne. In feda na tafiya santsi, gida lafiya. In tana gudu ba tsayawa, wani ya ɓata mata rai, kuma sau da yawa shi ne. Haka suka raini 'ya'yansu suka aurar, har Auta, wadda a lokacin da wannan abu ya faru take ɗauke da cikin fari.

Shi ya fara jin ciwon, tun kafin ita ta yarda akwai shi. Wata yamma ya tsaya a bakin lungu, jakar kayan aiki a kafaɗa, ya ji keken yana tafiya yana tsayawa a inda ba ƙarshen ɗinki ba. Ta yi layi rabi, ta huta, ta ci gaba. Ya shiga ya ce, "Tela, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, zare ne ke tsinkewa." Ya duba zaren, ƙalau yake. Bayan 'yan makonni fuskarta ta ɗashe, tabo baƙi-baƙi ya riƙa fito mata a hannu ba tare da ta bugu da komai ba, zazzaɓi ya zo ya ƙi tafiya. Aka je ƙaramin asibiti, aka tura su babba. Aka ɗebi jini, aka ɗebi ɓargo daga ƙugunta da wata allura da Kunne ya gani sau ɗaya ya kawar da kai.

Likitar da ta zaunar da su mace ce, ba ta fi sa'ar babbar 'yarsu ba, mai magana a nutse. Ta ce sankarar jini ce. Kunne ya ji kalmar ta wuce ta kansa. Tela ce ta yi ta maza ta ce, "To, Likita, akwai magani?"

"Akwai, Mama," in ji likitar. Ta dubi hannun Kunne ta ce, "Baba, sana'ar me kake yi?"

"Gyaran janareta."

"To kai za ka fi kowa gane ni. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne aka haɗa, ido ba ya ganin su. A cikin kowace akwai wasu 'yan injuna da ke ƙona abin da muka ci su ba ta ƙarfi. Ƙwayoyin cutar da ke cikin ɓargon Mama su ma suna da nasu, kuma ba sa hutawa, sai ci sai yaɗuwa. Maganin da za mu ba ta, aikinsa ya toshe musu hanyar mai. In wutarsu ta ɗauke, sai su mutu."

Ta yi zaton ta sauƙaƙa masa, baiwar Allah. Ba ta san ta taɓo inda yake masa ciwo ba. Ya gyara zama ya ce, "Likita, shi maganin ya san injin wane da na wane?"

"Ya fi kama masu cutar, don su suka fi dogara da wannan hanyar. Amma ba zan ɓoye maka ba, masu lafiyar ma za su ji a jikinsu. Za ta galabaita ƙwarai. Sai ta yi ƙasa kafin ta yi sama. Duk abin da ya tayar maka da hankali, ka zo ka faɗa mini, kada ka ji nauyi."

Akwai tambayar da ta zo masa har baki: in ta yi ƙasan ba ta taso ba fa? Ya dubi Tela, ya haɗiye abarsa.

Bayan zaman asibiti na farko aka sallame su da allurar da za a riƙa dawowa yi lokaci-lokaci, da ƙwayoyi biyu da za ta sha kowace safiya a gida. Bakinta duk ya yi miki, haɗiya ta zama azaba, sai likita ta nuna masa yadda zai narkar da su a ɗan ruwa cikin kofi. Kunne ya karɓi aikin nan ya hana kowa taɓawa. Kullum da safe yana kicin, ya wanke hannu, ya jefa ƙwayoyin a kofi, ya juya da cokali, ya kai mata. Ta yamutsa fuska ta shanye ta ce, "Injiniya, wannan ɗacin ko baƙin manka albarka."

Ta yi ƙasan kuwa, kamar yadda aka faɗa. Keke ya yi shiru, aka lulluɓe shi da zane. Matar da ke taka feda tun safe har la'asar ta koma sai an riƙe ta za ta kai bakin ƙofa. Cokali ya yi mata nauyi. In ta fara magana sai ta tsaya a tsakiya ta nemi numfashi. Kunne ya riƙa zuwa rumfa jikinsa kawai, ya ɗora sukudireba a kan injin mutane bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Da ya karyo kwanar lungu da yamma shirun gidan ke tarar sa, gabansa ya faɗi, ya ƙara sauri, wani lokacin har da gudu, dattijo da shi. Sai ya ga zanen da ta rufa yana motsi sannan ya ajiye jaka. Tsoro ya hana shi ci, ya hana shi zama wuri ɗaya. Auta takan zo da cikinta ta zauna gefen gado tana yi wa uwar fifita, ta dubi uban ta ce, "Baba, kai ma fa ka rame." Ya ce mata aiki ne ya yi yawa.

Wata safiya Tela ta ce za ta je banɗaki da kanta. Taku kaɗan ta yi ta sulale a jikin bango. Ya ɗauke ta, ba nauyi ko kaɗan, ya mayar da ita gado ta kwanta a gefe guda. Bai san lokacin da ya durƙusa ya manna kunne a bayanta ba. Zuciyar na bugawa da sauri-sauri, siriri, ba ƙarfi. Ya san wannan sautin. Ya ji shi a injuna ba iyaka, ya ji shi a injin niƙan matar nan daf da ya yi shiru. Inji ne mai jin yunwa, wanda aka shaƙe wa hanyar mai, kuma shi da hannunsa yake shaƙewa kowace safiya da kofi da cokali.

Ya shiga kicin. Ga kofi, ga ruwa, ga ƙwayoyi biyu a tafin hannu. Ya tuna likita ta ce ya zo ya faɗa mata. To amma wane makanike ne ke barin inji yana shaƙewa ya tafi neman izini a kan ɗan juyi? Ai ba kashe maganin zai yi ba. Sassautawa ce kawai, ta samu ta numfasa, in ta ɗan farfaɗo ya mayar yadda yake. Ya ɗauko reza ya raba ƙwaya ɗaya biyu, ya jefa ɗaya da rabi a kofi. Rabin da ya rage ya rasa inda zai kai shi, zubarwa ta yi masa kama da laifi, sai ya saka shi a ɗan gwangwanin da yake tara ƙananan notuna, ya mayar aljihu. Ya kai mata, ta sha, ta dube shi ta saman kofin, ta miƙo masa.

Bayan 'yan kwanaki ya sake sa kunne, ya ji da sauran yunwa, ya ƙara juyi. Ƙwaya ɗaya a kofi, ɗaya a gwangwani.

Abin haushin shi ne gyaran ya yi kyau. Da bai yi ba, da tsoro ya kora shi wurin likita tun da wuri. Tela ta fara cin abinci. Ta zauna da kanta, ta fita tsakar gida ta sha hantsi, ta fara yi masa faɗa a kan rigar da ya jefar a kujera. Ran nan yana dawowa, tun bai gama karyo kwana ba, ya ji shi: keken ɗinki, a hankali amma santsi, ba tsayawa. Ya ajiye jaka a ƙasa ya jingina da katangar maƙwabta, hawaye na bin gemunsa, bai damu da masu wucewa ba. Da ya shiga ya same ta ta baza farin yadi mai laushi, tana yanka 'yan riguna da tafin hannunsa zai rufe.

"Na jikana ne," ta ce. "Ko so kake ya zo duniya ya sa ɗinkin wata?"

"Ki dai bi a hankali, Tela."

"Ji mai maganar a hankali. Injiniiiya! Je ka wanke hannu kafin ka taɓa mini yadi."

Maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Auta ta yi ta murna tana cewa addu'a ta karɓu. Kunne yana amsawa da baki, amma tsoron bai tafi ba, kama kawai ya sauya. Gwangwanin nan yana aljihunsa duk inda ya je, don yana gudun a gan shi a gida, kuma kullum sautinsa na ƙaruwa. In yana tafiya yana jin ƙwayoyin na kaɗawa tsakanin notuna, yana ganin kamar duk layin na ji. Ranar zuwa asibiti ta fi kowace rana tsawo. Likita ta duba jini ta ce ba laifi, ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari, kana kula da ita." Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, hannunsa dafe da aljihu. Sau da yawa ya ce gobe zai mayar da ƙwaya biyu. Goben ta zo, ya tsaya a kicin, ya jiyo ta tana 'yar waƙa tana zare allura, sai hannun ya ƙi.

Haka aka ci watanni. Auta ta shiga watan haihuwa, rigunan jariri suka taru a kan tebur, da 'yan huluna da zanen goyo.

Wannan karon ma kunnensa ne ya fara sani. Daga bakin lungu ya ji keken ya yi layi rabi ya tsaya. Ya jira. Ya ci gaba, ya sake tsayawa. Ya shiga ya tarar ta kai zare baki ta gutsura, kamar yadda ta saba, sai ga ɗigon ja a kan farar rigar da ke cinyarta. Dasashinta ne ke jini. Ta yi sauri ta ninke rigar, shi ma ya yi kamar bai gani ba, suka zauna kowa na tsoron fuskar ɗan'uwansa.

Washegari ya jefa ƙwaya biyu cur a kofi. Jibi ma haka. Ya riƙa juya cokali yana roƙon Allah a ransa, yana alkawarin ba zai ƙara taɓa komai ba. Tabon ya dawo hannunta duk da haka, zazzaɓin ya biyo baya. Aka koma, aka sake ɗibar ɓargo.

Ɗakin dai shi ne, kujerun su ne, amma likita ta daɗe tana kallon abin da ke gabanta kafin ta ɗago. Ta ce, "Mama, Baba, cutar ta dawo. Maganin ya kashe da yawa, amma wasu sun tsira. Waɗanda suka tsira ɗin yanzu toshewar ba ta damun su. Yakan faru su koma ƙona wani abu daban, kamar kitse, su samu ƙarfinsu ta wata hanya. In sun kai nan, wannan ƙwayar ba ta ƙara kama su."

Kunne ya ce, "Likita, me ke sa su koyi haka?"

"Wani lokaci haka kawai, ko an sha magani daidai. Wani lokaci kuma in maganin bai kai musu yadda ya kamata ba. Ya matse su bai kashe su ba, sai ya ba su lokacin sabawa."

Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Maganarsa ce ta rumfa, wadda yake faɗa yana dariya, aka dawo masa da ita. Matse shi a hankali, kana ba shi kaɗan, da kansa zai saba da sabon abinci. Ya sa hannu a aljihu ya fito da gwangwanin, ya ɗora a kan tebur, ya kasa buɗewa. Likita ta buɗe. Ta ga notuna, ta ga ƙwayoyi farare a tsakaninsu, wasu rabi wasu cikakku, gefensu ya yi baƙi da mai. Ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ranar da ta faɗi. Na sa kunne na ji tana sarewa. Na ce in ɗan sassauta mata." Ya ɗago ya dube ta. "Likita, ki faɗa mini gaskiya. Ni na kashe ta?"

"Mama tana nan zaune, tana jin ka," in ji likitar, muryarta ba faɗa amma ba wasa. "Ba zan iya ce maka wannan ne ya jawo ba. Ba zan kuma iya ce maka ba shi ba ne. Babu gwajin da zai raba mana wannan. Mu ma muna rage magani, Baba, in jiki ya kasa ɗauka. Amma da jinin a gabanmu muke ragewa. Da ka zo, da tare muka yi."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya juya zai dubi Tela, wuyansa ya ƙi. Sai ya ji muryarta, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Likita, ki raba faɗan biyu ki ba ni rabi. Na sani."

Ya waigo da sauri.

"Ɗacin ne ya ragu," ta ce. "Tun kofin farko na gane. Matar da ke awo tun tana yarinya za a ɓoye wa rabi? Na ga ƙafata ta fara ɗaukata, na ga zan iya taka keke. Na ce bari in yi shiru in gama kayan yaron nan, in ya so a koma. Shi tsoro ya sa shi. Ni kwaɗayi."

A waje wani yana tura gadon marasa lafiya, ƙafarsa ɗaya na ƙara, Kunne ya ji kansa yana lura cewa mai take so.

Likita ta ce akwai sauran hanya, amma mai tsauri ce. Magani ne mai ƙarfi ta jijiya, a kwance a asibiti, wanda ba hanyar mai kaɗai yake toshewa ba. "Zai kai ta ƙasa fiye da wancan," ta ce. "Ƙasa sosai. Za mu tsaya a kanta da ƙarin jini da duk abin da ya kamata. Ban yi muku alkawari ba, amma akwai fata. Sai dai wannan karon dole mu bari ya kai ƙarshen aikinsa."

Aka ba ta gado kusa da taga a wani ɗaki mai warin maganin goge ƙasa. Auta ba ta samu zuwa ba, don an hana mai ciki kusantar wurin, sai ta aiko da saƙo cewa ta jera rigunan a akwati, saura guda da ba a yi wa hannu ba. Da hantsi nas ta zo sanye da safar hannu, ta rataya wata leda a jikin ƙarfe, ta haɗa siririyar roba zuwa hannun Tela. A tsakiyar robar akwai wani ɗan maƙalli mai ƙaramar taya. Nas ta murza shi da babban yatsa, ta dubi ɗigon, ta ƙara murzawa kaɗan har ya yi mata daidai. Ta nuna masa maɓallin ƙararrawa a jikin gado ta ce, "Baba, in ka ga wani abu ka danna wannan, zan zo." Ta fita.

Kunne ya zauna a kujerar gefen gado. Bai so ya kalli tayar nan ba, amma idonsa ya ƙi barin ta. Ba ta fi ƙwayar wake ba, kuma tana daidai inda hannunsa zai kai ba tare da ya tashi ba. Ɗigon na sauka ɗaya bayan ɗaya, yana jin kowanne. Da rana ta yi tsaka Tela ta fara rawar sanyi. Leɓenta ya bushe, numfashinta ya gajarce, ya koma sama-sama. Bai buƙaci manna kunne ba, daga inda yake yana jin sautin da ya fi tsoro a duniya. Ya danna ƙararrawa, nas ta zo ta auna ta, ta ƙara mata bargo, ta ce haka yake yi, ana lura. Ta sake fita, aka bar shi da ɗigon.

Yatsunsa biyu suka fara motsi a kan gwiwarsa, babban yatsa da manuni, suna murza iska. Shi bai ma sani ba. Tela ce ta buɗe ido ta gani.

"Injiniya."

"Na'am, Tela. Ina ne ke ciwo?"

"Ba ni hannun nan."

Ya miƙa mata na hagu.

"Ba shi ba. Mai gyaran."

Ya miƙa na dama. Ta kama yatsun nan biyu ta dunƙule su a tafinta, ta ja su ta ɗora a kan bargo.

"Wannan injin ba naka ba ne," ta ce. "Bar shi ya mutu."

"In ya tafi da ke fa?" Tambayar da ya haɗiye tun ranar farko ce ta fito, da kuka a cikinta.

"To ka zauna ka ji. Ai kai ne Kunne."

Ta lumshe ido. Ya zauna yana jin ɗigon, yana jin numfashinta, yana jin riƙon da ta yi masa yana raguwa kaɗan-kaɗan yadda maganin ke cin ƙarfinta. Can yatsunta suka saki gaba ɗaya, hannun ya kwanta a buɗe. Ya kafa wa bargon ido har ya ga ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa da ƙyar. Tayar tana nan inda take, ba mai kallo, ba kuma mai riƙe da shi yanzu. Sai ya ɗauko hannunsa na hagu ya damƙe na daman da shi, ya matse su tsakanin gwiwoyinsa, ya ci gaba da saurare.